Bayan Tukunya

A Magazin ta Suwame, bayan rumfar masu walda,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta da ciyawa,
nan maigidana Tanimu ya dafa ƙirji ya rantse
sai ya haɗa fentin da bindigar 'yan sanda ba ta gani.

Ba mai harsashi ba.
Wadda ake saita wa mota daga nesa,
ta tofa haske siriri kamar yanar gizo,
ya je, ya dawo da tsegumi:
wane yana gudun ɗari da goma.
Sau uku tana cinye masa sidi a hanyar Ofinso,
na ukun kuɗin makarantar Rakiya ne.

Ya ce, "Barau, haske ɗan aike ne.
In ka cika ɗan aike da tuwo, ka shimfiɗa masa tabarma,
ba ya komawa da labari."

Sai muka shiga tuƙa wa haske tuwo.
Gawayin Iya mai koko, na daka, na tankaɗe da ɗankwali,
hayaƙin tsohuwar taya,
da wani ƙullin gari da ya saya wurin ɗan Tema
mai cewa daga jikin jirgin yaƙi aka kankaro shi.
Kwana tara ina fesawa.
Majinata baƙa, farcena baƙi,
uwata ta hana ni taɓa tulunta.
Korola ta fito ba ƙyalli ko kaɗan,
kamar an yanko dare an sa masa taya huɗu.

Kofur Kwarteng muna bin sa kuɗin gyaran ƙofa.
Ran Lahadi, da ya taso daga coci,
ya zo da bindigar a jakar matarsa,
muka ba shi cicinga tsinke biyar, ya tsaya gindin kanya.

Karon farko: casa'in da biyu.
Ko atishawa bindigar ba ta yi ba.
Tanimu ya zaga motar, ya ce fitilu ne munafukan.
Muka liƙe musu ido da baƙar leda,
muka shafe lamba da ragowar gwangwani.

Karo na biyu bindiga ta yi shiru.
Ɗaya. Biyu.
Sannan ta ce tamanin da takwas.
A kan wannan shirun na daƙiƙa biyu
dattijo mai furfura ya taka rawa a kan kwalta.

Karo na uku magariba ta kawo kai.
Na ce a bari. Ya ce yaro bai san wuta ba.
Ina jin kukan inji, ban ga mota ba.
Ita ma tsohuwar ba ta gani ba,
da farantin ayaba a kanta, tana tsallaka titi
da tafiyar wadda ta yarda da idonta.

Birki.
Ƙaurin roba.
Ayaba har cikin kwata.
Taku ɗaya tsakanin zanenta da ƙarfe.
Ta tashi, ta kaɗe gwiwa,
ta zage shi da Tonanci tun daga kakansa na bakwai.

Kofur ya ɗauko bindigarsa daga ƙasa, inda ya yar da ita,
ya ce, "Alhaji, a duk Kumasi mota ɗaya ce
mai launin bayan tukunya.
Me zan yi da bindiga? 'Yan tallan ruwa ma sun san ka."

Sidi arba'in kuɗin ayaba.
A hanyar Aboabo ba wanda ya ce uffan,
ni na fito da tocila ta taga ina haska mana hanya,
sai wajen masallaci ya ce, a hankali,
"Amma na ukun, ta karanta?"
Babu wanda ya duba.

Ran Litinin ya aike ni sayen ruwan ɗorawa.
Ragowar baƙin, rabin bokiti,
malamin su Rakiya ya roƙa ya shafe allon ajinsu.
In na wuce nakan leƙa ta taga.
Daga bakin titi ana karanta alli.